Minti 15 na hutun rabin lokaci

'Yan uwa, mu da ke zaune a Agege ba mu manta da daren Lahadi, 11 ga Fabrairun 2024 ba. Najeriya da Kwaddibuwa, wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan. Gidan kallo ya cika maƙil, wasu ma ta taga suke leƙe. Troost-Ekong ya ci mana ƙwallo da ka, aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da ɗaya. Babu wanda ya tashi, don kowa na tsoron a gaje masa benci. Haka muka zauna minti 15, zuciya fari ƙal, talla na bin talla.

A wannan dare dai, can a Las Vegas ta Amurka, ana wasan ƙarshe na ƙwallonsu da suke kira Super Bowl. Tallan daƙiƙa 30 kacal a wasan ya kai kusan dala miliyan 7. Ɗan kasuwa ba ya zuba irin wannan kuɗi a banza. Abin da yake saya shi ne idonmu, a lokacin da ba ma iya kau da kai.

Hanyoyinsu ba ɓoyayyu ba ne. Ta farko ita ce dariya. Da yawanmu na tuna Saka, ɗan wasan barkwancin nan da muka saba gani a tallan Etisalat. A 2013, da aka ba mutane damar sauya kamfanin waya ba tare da sauya lamba ba, sai ga shi a tallan MTN sanye da kaya ruwan ɗorawa yana tiƙar rawa. Muka yi ta ƙyaƙyatawa, yara na kwaikwayonsa a layi. Babu wanda ya tsaya tambayar nawa ne kuɗin kira a minti. Wanda ya ba ka dariya, da wuya ka yi masa ciniki mai tsanani.

Ta biyu ita ce aron fuska. Tallan madarar Peak da Kanu Nwankwo ya nuna yaro mai buga ƙwallo a unguwa ya girma ya zama gwarzo. Ƙaunar da muke wa Kanu sai ta zarce kan gwangwani. Ta uku kuma maimaitawa ce, har sai waƙar tallan ta zauna a bakinka kana alwala tana dawo maka.

In madara ce ko layin waya, da sauƙi. Ko ba komai ka sha shayi, ka kira gida. Abin da ke damunmu shi ne tallan cacar ƙwallo, wanda da waɗannan dabaru uku ake yin sa. Kullum wanda ya ci ake nunawa, yana tsalle, abokai na ɗaga shi sama. Ba a taɓa nuna dubban da suka tafi gida aljihu wayam ba.

Muna da wani ƙani a nan, mai ɗaukar kaya a kasuwa. Da naira 100 ya fara, wai gwaji. Da damina ta ƙarato, mahaifinsa ya kira daga gida yana tambayar kuɗin taki, sai ya kashe waya har kwana uku. Mu muka yi karo-karo muka rufa masa asiri. Da muka zaunar da shi, cewa ya yi shi bai ɗauke ta caca ba, don a cikin raha ya fara ganinta.

Ko a Ingila an farga. A 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban riguna bayan kakar 2025/26.

Ba muna cewa a daina kallo ko a daina dariya ba ne. Amma manya, idan an tafi hutu, mu juya mu tambayi yaron da ke gefenmu: me wannan tallan ke nema a aljihunka? A daren nan an dawo, Kessie ya farke, Haller ya ƙara, muka tashi 2 da 1 jiki a sanyaye. Masu talla kuwa tun a hutu suka riga suka ci nasu wasan.

Allah Ya tsare mana zuri'a da guminmu.