Farkon Cikowar Ruwa a Yawuri

Mu 'yan Ƙofar Kuyambana a kan tire muka san kifi, ko banda ko soyayye da yaji bayan magariba. Ruwan da muka tashi muka gani bai wuce Kubanni da Galma da kududdufan cikin ganuwa ba. Shi ya sa da wani maƙwabcina mai fataucin banda ya ce zai je Yawuri saro kaya, ruwa kuma ya fara cikowa, na ce masa ƙafata ƙafarsa.

Hanyar Birnin Gwari ce yanke, amma direba bai ko ambace ta ba, mu ma ba wanda ya tambaya. Muka zagaya ta Kaduna da Minna, muka ratsa Tegina da Kontagora, sai cikin dare muka shiga Yelwa. Kashegari muka gangara kudu, wani ƙauyen masunta ta wajen Wara, inda Kwara ta daina zama kogi ta buɗe har ido ya kasa kai wa ɗaya gaɓar. Tafkin Kainji ke nan, wanda ya taru bayan an gama madatsar a 1968. Tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma sai da aka tashi mutum fiye da 40,000 kafin ya kwanta. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashinsa, haka ma yawancin tsibiran Gungawa.

Mai masaukinmu dattijo ne daga cikin Sarkawa, waɗanda su gado ne a wurinsu. Da za mu shiga jirginsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam Bazazzage, ka iya ruwa?"

"Baba, ko a kududdufi ban taɓa gwadawa ba."

"To zauna tsakiya, kada ka miƙe. Ga aikinka."

Ya miƙo min yankakken galan. Duk sabon shiga da nan yake farawa: kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Filafili sai daga baya, raga kuwa sai an ga hankalinka.

A hanya ya faɗa min dalilin da ya sa kowa ke ɗinkin raga a wannan lokaci. Sau biyu ruwa ke zuwa musu a shekara. Na farko farin ruwa, na daminar ƙasarmu, mai laka, daga wajen Agusta. Na biyu baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya baje a fadamun Mali ya zubar da lakarsa, sai cikin sanyi ya iso nan garau. Kafin farin ruwa tafkin ya ja baya sosai, ciyawa ta fito a filin da ya bari. Da ruwa ya hau kanta sai karfasa da tarwaɗa su bi shi ciki neman abinci da wurin ƙwai. Don haka mai wayo a farkon kaka ba ya nufar tsakiyar tafki, gefen ciyawa yake bi.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tuƙinsa. Ni ruwa ɗaya nake gani, shi kuwa sai ya karkata hagu ba dalili, ya dawo dama. "Nan akwai kututturen tsamiya," in ji shi. "Can gonar albasa ce muna yara." Itatuwan da ruwa ya cinye har yau suna tsaye a ƙasa, suna yaga raga, suna fasa jirgi. Wanda ya zo da kuɗinsa ya sayi kwalekwale da inji, bai san abin da ke ƙarƙashi ba, ragarsa ba za ta ga ƙarshen wata ba.

Da la'asar sakaliya muka shimfiɗa kalli. Jikansa na sakin ragar hannu-hannu, igiyar sama na yawo da guntayen tsofaffin silifa, ta ƙasa na nitsewa da darma, aka ɗaura jarka a ƙarshe don shaida. Da yatsu suke auna idon raga, tamu mai yatsa uku ce. Ba mu gama ba Baba ya ɗaga kai gabas, ya ga hadari ya haɗo, ya juya jirgi ba tare da shawara da kowa ba. Ban ga laifinsa ba. A wannan yanki ne jirgin fasinja ya nitse a Mayun 2021, aka rasa mutane da yawan gaske, amma har yanzu rigar kariya ba ta zama ruwan dare a jiragen masunta ba, abin da ni dai ban ga hujjarsa ba.

Da asuba muka koma ɗagawa. Karfasa ta fi yawa, sai ragon ruwa ɗaya da ya sa yaron murmushi. Ƙurungu ne mai ba da wahala: ya kafe ƙayoyinsa uku cikin zare yana gurnani, sai an kama shi ta bayan kai, an karya ƙayar, kafin a zare shi. Giwan ruwa kuwa labarinsa kawai na sha. Baba ya ɗora laifin a kan dala, ragar nan mai ido kamar gidan sauro da ake ja don warangi, ta kwashe har 'ya'yan manyan kifi. Dokokin Kebbi da Neja sun hana ta tun shekarun 1990, amma ya ce da dare a je a gani.

A bakin gaɓa wani mutum na jiranmu da baho. Shi ya ba su ragar bashi kafin ruwa ya zo, don haka shi ke saye, shi ke yanka farashi. Ya zaɓi manya, ya rubuta a littafinsa, ya bar musu ƙurungun na miya.