Takobi da Kirsimeti a Zangon Kumasi

Ɗan Nijar da ya daɗe a ƙasar Gana yana da kwanaki goma a shekara da gida ke matsowa kusa da shi, su ne kwanakin kokowar takobi. Tun 1975 aka fara ta a Tawa, zamanin Seyni Kunce, kuma wanda ya fara ɗaukar takobin ɗan jaharmu ne ta Maraɗi, Yakuba Kantu, wanda filin kokowar garinmu ke ɗauke da sunansa. Yau jahohi takwas ne, kowace ta kawo ƙarfafanta goma, a yi ta karawa ana ƙirga waɗanda ba su faɗi ba, har a rage biyu. A shekarun nan yawanci ƙarshen watan Disamba ake yin ta, wato daidai lokacin da katakis ba ya da sukunin kansa: ga koyar da masu shirin baftisma, ga waƙoƙin Kirsimeti, ga ziyarar marasa lafiya.

Duk da haka nakan nemi sa'a ɗaya ko biyu da yamma in tafi Aboabo, rumfar wani dattijo mai sayar da albasa, inda 'yan Maraɗi ke taruwa. Dā rediyo muke kasa wa kunne, muryar tana zuwa tana ɓacewa, wani ya riƙe eriya sama kamar mai roƙon ruwa. Yanzu akwai tele da tauraron ɗan adam, kuma kafin ƙura ta lafa a fili hoton kayen ya iso wayar kowa ta WhatsApp. Agogon Nijar yana gaban na Gana da sa'a guda, don haka mukan rufe aiki da wuri. Mutum ashirin ko fiye, ni kaɗai ne Kirista a cikinsu.

Wannan zama ya jawo mini magana a ikilisiya, kuma ba na raina masu yin ta. Wata uwa cikin zumuntar mata ta tare ni ta ce, "Malam, kai da ke koya wa 'ya'yanmu su rabu da tsafi, me kake nema wurin masu layu?" Gaskiya ta faɗa game da layun. Wanda ya taɓa ganin ɗan kokowa yana shiga fili ya ga guraye a damtse da ƙugu, ya ga rubutun da ake sha da wanda ake shafawa, ya ga mai tofi a bayansa. Ba a ɓoye ake yi ba. Amma na karanta yadda Manzo Bulus ya bi da zancen naman da aka yanka wa gumaka a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 8. Bai ce gunki yana da iko ba, bai kuma ce a yi abin da zai sa ɗan'uwa rarrauna tuntuɓe ba. A kan wannan na tsaya. Ina kallon ƙarfi da dabara, yadda ƙaramin mutum ke shiga ƙarƙashin ƙato ya ɗauke ƙafarsa. Idan ɗalibaina suka tambaye ni, nakan ce musu su lura da kyau: wanda ya kayar yana da laya, wanda aka kayar ma yana da ita.

Inda na ja layi shi ne wurin kuɗi. Muna da asusu na 'yan gari, kowa na zubawa wata-wata, da shi ake yi wa mamaci sutura, a kai marar lafiya asibiti, a saya wa wanda kasuwa ta karye masa tikitin mota zuwa gida. Lokacin takobi akan yi wani karo-karo na dabam a aika wa 'yan kokowarmu, kuma kowa ya san wani kashi wurin masu neman sa'a yake tafiya. Na gaya wa dattijonmu a gaban jama'a, na ce, "Alhaji, nawa na hura da nama ne, a rubuta haka." Ya yi dariya ya ce a buɗe wa Malam shafinsa. Shafin yana nan a littafin har yau.

Me ya sa ban haƙura da zuwa ba, tun da akwai wannan wahala? Domin Kirista Bahaushe a baƙuwar ƙasa baƙo ne sau biyu. A coci Asantawa suna jin harshena su ɗauka Musulmi ne ya ɓato hanya. A zango kuwa sunan baftismata ya isa a dube ni sau biyu. A rumfar nan kaɗai, idan ɗan Maraɗi ya ɗaga ɗan Damagaram sama, hannun da ya fi kusa shi ke dukan kafaɗata, ba a tambayar inda na yi sujada ran Lahadi. A watan Janairu na 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, mutanen rumfar nan ne suka zo ƙofar gidana yin jaje, su bakwai, suka zauna a tabarma ba su san abin da za su faɗa ba, ni ma haka. Da ba mu yi shekaru muna gardama a kan Bindigau da Balla Haruna ba, da ba su san hanyar gidana ba.

Sai zancen yara, wanda ya fi damuna. Nawa a Kumasi aka haife su, Asante Kotoko ce ƙungiyarsu, filin Baba Yara suka sani, Twi ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Ba na hana su. Garin da ya ciyar da kai yana da haƙƙi a kanka, Irmiya ma haka ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila. Amma Maraɗi tafiyar kwana biyu ce ko uku a mota, kuɗinta ba kowace shekara ake samu ba, kakarsu kuma tana tsufa. Na lura a waya ba su da abin faɗa mata bayan gaisuwa, sai a kwanakin takobi. A 2023, da Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas, babban ɗana ya yi kusan rabin sa'a yana musu da ita da Hausarsa mai gargada, shi yana yabon gwanin Doso, ita tana ce masa ɗan Maraɗi ba ya tafa wa baƙo, da Kantu yana zamaninsa da an ga bambanci. Tun daga ranar take kiransa Bazabarme, shi kuma yake amsawa.