Gubar Tana Cikin Ƙasa

'Yan'uwa matasa, kusan kowannenmu yana da ƙane ko ƙanwa da ba ya barin rediyo ko tocila su zauna lafiya sai ya kwance su. Irin yaran nan ne ke ƙera mota da gwangwani, su haɗa fanka da tsohon batir. Muna yaba musu, amma ba kasafai muke tattaunawa da su a kan abin da ƙira ke bari a ƙasa da ruwa ba. Littattafan labari cikin zane suna iya buɗe mana ƙofar wannan hira.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne Nausicaä, na mai zane Hayao Miyazaki ɗan ƙasar Japan. Ya fara fitowa a mujalla a 1982, bai kammala ba sai 1994, aka tara shi cikin kundi 7. An yi fim ɗinsa a 1984. Labarin ya faru shekara dubu bayan wani yaƙi da ya rushe duniyar masana'antu. Wani daji mai fitar da iska mai guba yana cinye ƙasashe, mutum ba ya shigarsa sai da takunkumi, manyan ƙwari kuma suna gadinsa.

Masu iko sun ga mafita ɗaya ce, a ƙone dajin. Ita kuwa Nausicaä, 'yar sarkin wani ƙaramin kwari, ta ɗebo irin tsire-tsiren dajin ta shuka su a wani ɓoyayyen ɗaki, da ruwa da yashi masu tsabta daga can ƙarƙashin ƙasa. Suka girma ba guba. Ashe gubar tana cikin ƙasar da mutane suka ɓata, itatuwan kuma tsotse ta suke yi a hankali. Yarinyar ba ta ƙi na'ura ba: tana tashi a ƙaramin jirgi mai bin iska, garinsu ma da injin iska yake jawo ruwa. Abin da ta fi sauran da shi shi ne haƙurin bincike kafin ta ɗaga hannu.

Miyazaki bai ƙago wannan tsoro daga banza ba. A garin Minamata na Japan, wata masana'anta ta daɗe tana zubar da sinadarin makuri cikin teku, kifaye suka ɗauka, mutane suka ci. A 1956 aka tabbatar da cutar. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan. A 2010, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda jarirai ke rarrafe. Maganin asibiti kaɗai bai isa ba, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka zuba sabuwa. Iyayen nan abinci suke nema wa 'ya'yansu, injin niƙa kuwa bai san dalma ba.

Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana aiki biyu da Allah ya ba mutum a gonar Adnin, noma da tsaro. Wanda ya riƙe na farko ya saki na biyu, rabin aiki ya yi. Basirar da ke hannun ƙannenmu baiwa ce, kuma za a tambaye mu yadda muka raine ta.

Saboda haka, idan yaro ya kawo mana abin da ya ƙera, mu yaba masa da gaske, sa'an nan mu tambaye shi: ina za ka kai batirin idan ya mutu? Mu hana shi fasa batir ko ƙona waya don cire tagulla, mu kuma faɗa masa dalili. Kundayen ƙarshe na Nausicaä suna da yaƙi da zubar jini, sun fi dacewa da waɗanda suka tasa. Ƙananan sai mu zauna mu kalli fim ɗin tare da su.

Ubangiji ya ba mu hannu mai ƙira da zuciya mai kula. Amin.