Bukkar da ba a koya mana a aji ba

A Haɗejiya da garuruwan da ke bin bakin kogi, irin su Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri, ruwa shi ne arziki, kuma shi ne abin fargaba. Shinkafarmu da kifinmu daga gare shi suke. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, a samansu kuma akwai madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. Idan damina ta yi nauyi a Agusta da Satumba, ruwan ya gangaro ya iske ƙasarmu shimfiɗe kamar faifai, sai ya bazu inda ya ga dama.

Ƙannenmu da ke sakandare ba su manta 2022 ba. A shekarar ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Mu a lokacin muna aji biyar, muna cikin samarin da ke ɗura ƙasa a buhu ana ɗaga jinga. A tudun da mutanen ƙauye suka fake mun lura da wani abu. Wasu iyalai suna zaune a fili da kayansu a ɗaure, suna jiran tamfol ɗin agaji. Wasu kuwa, da suka iso rana ɗaya da su, kafin magariba sun tayar da bukka, yara sun shige ciki. Dukkansu ruwa ya cinye musu gona, ba wanda ya fi wani kuɗi. Bambancin kawai, a cikin na biyun akwai wanda ya iya sarrafa wuƙa, ya san itace, ya san ciyawa.

Shi ya sa a hutun da ya wuce, mu huɗu da muka dawo daga jami'a muka roƙi wani dattijo masunci, kakan ɗaya daga cikinmu, ya koya mana. Ɗayanmu ya nuna masa bidiyon YouTube na wani Bature da ke gina mafaka a daji da wuƙa kaɗai, miliyoyin mutane sun kalla. Tsohon ya kalla har ƙarshe, ya miƙo wayar ya ce, “Ya yi ƙoƙari. Amma jinkarsa ta kwanta da yawa, za ta yi yoyo.” Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

Mun ɗauka da sara za a fara. Sai muka shafe kusan awa guda muna yawo a fadama, shi a gaba yana duban gindin itatuwa. Ruwan bara yakan bar zane a jikin giyayya da bagaruwa, wani lokaci har da busasshiyar ciyawa maƙale a reshe. Duk inda ka ga wannan alama ta kai gwiwa, wuce, ko da wurin ya bushe ƙayau. Ana neman jigawa, wato tudun yashi, inda ruwa ba ya kwana. A nisanci suri da ramukan da ba a san mai su ba, saboda maciji. A nisanci doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, saboda tsawa da karyewar reshe. Kada kuma a manne da bakin ruwa, nan ne sauro ya fi yawa, nan ne kuma hanyar shanu.

“Baba, ina za mu sa ƙofa?” in ji ɗayanmu.

“Daga ina hadari ke taso muku a gida?”

“Daga gabas.”

“To me kake tambaya?”

Ƙofa yamma take kallo. Hadarin damina daga gabas yake bugowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka bayan bukka ne ke karɓar duka biyun.

Sai aikin wuƙa. A nan za mu ɗan tsaya, domin mun san da wa muke magana. Wuƙa kayan aiki ce kamar lauje da fartanya, wurinta gona da daji, tare da babba. Ba ta da hurumi a jakar makaranta ko a ƙugu cikin gari, kuma wanda aka kama da ita a can ya san abin da zai biyo baya. A wurin aiki ma tana da ladabi. Ana yanka ne ana tura kaifin waje, ba wajen jiki ba, kuma hannun da ke riƙe da itacen yana bayan kaifin. Ana saran reshe a karkace, domin a miƙe sai wuƙar ta cije ko ta zame. Dakusasshiyar wuƙa ta fi jawo rauni, saboda sai ka danna da ƙarfi. Idan za ka miƙa wa wani, ƙotar za ka ba shi.

Don ƙashin bukkar mun yanko tsumagun geza da sabara, ɗanyu, masu kaurin babban yatsa, tsawonsu ya ɗara mutum. Ɗanye ne ke lanƙwasuwa, busasshe karyewa yake. Tsohon ya hana mu taɓa gindin kowace bishiya: reshe biyu a nan, uku a can, yadda za ta sake tohowa. Ya kuma ja mana kunne cewa gandun Baturiya, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, wuri ne da doka ta kare, ba a shiga a yi sara. Muka zana da'ira a ƙasa mai faɗin taku huɗu, muka haƙa ƙananan ramuka da tsinin sanda (ba da wuƙa ba, ƙasa tana cinye kaifi), muka kafa tsumagu goma sha shida. Kowanne aka lanƙwaso shi ya haɗu da na gabansa a sama, aka ɗaure. Sannan aka bi da tanka, wato sirara da ake zagayawa da su a kwance, layi huɗu daga ƙasa zuwa sama. Kafin tanka, abin rawa yake kamar zai faɗi. Bayan ta, ɗayanmu ya jingina da shi bai motsa ba.

Ba ƙusa, ba waya, ba igiyar kasuwa. Kaba ce igiyarmu, ganyen ƙaramar goruba wanda iyayenmu mata ke saƙa tabarma da shi. Ana tsaga ta da bakin wuƙa, a jiƙa ta kaɗan don kada ta tsinke. Inda babu kaba, ɓawon kalgo yana ɗauri, haka ma na rama.

Rufin ne ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi ba mu mamaki, domin da kacala muka yi shi. Duk ɗan yankin nan ya san kacala a matsayin annoba. Tun da madatsun sama suka sauya tafiyar kogin, ruwa ya riƙa zama a wasu wurare duk shekara, ita kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa Nguru, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa. Toshewar da take yi tana cikin abin da ke sa ruwa ya bar hanyarsa ya shiga gari. Amma ganyenta dogo ne, ya fi mutum tsawo, cikinsa kamar soso, kuma ba mai hana ka yanka. A Senegal da Muritaniya har gawayi da kayan rufin gida ake yi da ita. A ganinmu abin takaici ne a ce ciyawar da ta kori mutum daga gidansa tana tsaye a gabansa, shi kuma yana kwana a fili.

Mun yanke ta daga gefe, ba mu kutsa ciki ba. Ruwan da ke kwance a gindinta yana da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya, ga kuma macizai. Kowane dami sai an buga shi da sanda kafin a ɗauka. Tsohon ya ce gamba ko jema sun fi ta daɗewa a kan ɗaki, amma mai gudun ruwa da abin da ya samu yake rufi. Ya nuna mana yanta: a jera ciyawar a ƙasa, a bi ta da igiya ana ɗaure ta ƙulli-ƙulli har ta zama doguwar shimfiɗa. Baibaya daga ƙasa ake fara ta. Layin farko a kan tankar ƙasa, na biyu ya rufe rabin na farko, haka har ƙololuwa, inda ake tattare bakin a ɗaure tamau a kifa masa wani ƙaramin dami kamar hula. Ɗigon ruwa yana sauka daga wannan layi zuwa wancan har ya kai ƙasa, bai sami ƙofar shiga ba. Idan jinkar ta kwanta, ruwan yakan tsaya ya tsuma ciyawar, abin da tsohon ya hango a bidiyon ke nan. Ɗanyar kacala kuma tana motsewa idan ta bushe, don haka bayan kwana biyu sai an sake bin ɗaurin.

Sauran ƙanana ne amma ba a barinsu. An yi ɗan lambatu a zagaye don ruwa ya bi. An kafa gwafa huɗu a ciki, aka jera sanduna, gado ya tashi daga ƙasa saboda sanyi da kunama. Wuta kuwa a waje take, can nesa, ta ɓangaren da iska ba za ta kaɗo tartsatsi ba, domin busasshiyar bukka ba ta ɗaukar minti biyu a wuta. Hayaƙi yana rage sauro, amma ba ya maye gurbin gidan sauro, kuma tsohon da kansa da nasa yake yawo a jirgi.

Mun fara da hantsi, muka gama ana kiran la'asar, mu huɗu, hannuwa duk kanta da yankan kaba. Tsohon ya ce matan Fulani biyu za su gama irinta kafin mu gama yanta, kuma ba mu yi musu ba, domin a rugage su ne magina. Bukkar ta ɗauki mutum uku a kwance. An yi ruwa sau biyu a makon, na biyun da iska, muka je muka duba: gefen gabas ya ɗan zame, muka ƙara layi ɗaya, amma yashin ciki a bushe yake. Da za mu koma makaranta, yaran da ke gadin shinkafa a gonar da ke kusa sun riga sun gaje ta, sun rataye gwangwanayen korar jan-baki a bakin ƙofa.