Abin da ke Shiga da Abin da ke Fita

'Yan'uwana ɗalibai, na san da yawa daga cikinmu gabansu kan faɗi idan malamin lissafi ya rubuta domen da renji a allo. Ga shi kuwa baɗi za mu zauna jarrabawar Wayek, kuma duk wanda bai ci lissafi ba sai ya haƙura da zancen zama injiniya. Ni kuwa burina ke nan, shi ya sa na nace wa wannan darasi.

Ni dai na ɗauki kwadiratik tamkar injin niƙa. Domen shi ne duk abin da za a iya zuba masa, wato x. Renji kuwa shi ne garin da zai fito, wato y. Alal misali, mu ɗauki y = x² − 4x + 3. Wannan inji ba ya ƙin komai. Sifiri ne, rabi ne, miliyan ne, har lambobin da ke ƙasa da sifiri, duk karɓa yake yi. Saboda haka domen ba shi da iyaka.

Aikin yana wajen renji. Idan aka sake wa lissafin tsari sai ya koma y = (x − 2)² − 1. To, duk lambar da aka ninka ta da kanta ba ta yin ƙasa da sifiri. Ashe ke nan y ba zai taɓa sauka ƙasa da −1 ba, kuma yakan kai nan ne idan x ya zama 2. Zanensa kamar ƙwarya ce a ajiye, gindinta a kan −1, sai dai bakinta ya yi ta hawa sama ba ƙarshe. Dabarar nan ta cika murabba'i tsohuwa ce. Alkawarizmi ya yi bayaninta a Bagadaza wajen shekara ta 820, daga sunan littafinsa ma aka samo kalmar aljabara.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne na jifa. In ka wurga dutse sama sak da gudun mita 20 a daƙiƙa, nisansa daga ƙasa kusan h = 20t − 5t² ne. A nan ƙwaryar a kife take. Takarda za ta yarda ka sa t ya zama 10, dutse kuwa ba zai yarda ba, domin a daƙiƙa ta 4 ya riga ya dawo ƙasa. Domen ya tsaya daga 0 zuwa 4. Ƙololuwa tana tsakiya, a daƙiƙa ta 2, wato 40 a ɗebe 20, saura mita 20. Renji ke nan daga 0 zuwa 20.

Mangwaron bayan ɗakin cin abincinmu bai kai rabin wannan tsawo ba. Amma ban ce kowa ya je ya gwada ba, don firifet ba ruwansa da aljabara.