Daga Timia zuwa Arlit, neman takardar hukunci

Ta bakin wani direba saƙon ya same ni a Tasawa: Baba na Timia yana kirana, in je in taya shi neman wata takarda. Ba shi ya haife ni ba, amma tun ina ƙarami haka nake ce masa. A gidanmu ayarinsu na Kel Ewey yake sauka idan sun dawo daga Bilma da gishiri da dabino, su musanya da gero, raƙuma su huta, sannan su koma Abzin. Wanda ke tsakaninku haka, idan ya kira ba a aika masa da uzuri.

Daga Agadas zuwa Timia kilomita wajen 220 ne, amma babu mai auna wannan hanya da kilomita. Motar kaya muka hau, muka bi ta Dabaga, muka wuce Elmeki inda aka daɗe ana haƙar kuza, daga nan sai duwatsu baƙaƙe da busassun ƙoramu waɗanda mota ke shiga ta bi cikinsu. Can da yamma kwarin Timia ya buɗe mana. Garake ne a jere gefen ƙorama, da lemo da rumman da inabi, dabino ya yi musu rumfa, alkama tana ƙasa kore shar. A kan tudu ga ginin sojan da Faransawa suka yi a shekarun 1950, wanda ake kira da sunan Massu, yana kallon gari. Hausa kuwa ana jinta a nan kamar a gida, domin mazan garin sun yi ƙarnuka suna kai da kawowa tsakanin Abzin da ƙasar Hausa.

Sai bayan shayi na uku Baba ya buɗe maganar. Shekarun baya ruwa ya zo da ƙarfi, ƙorama ta sauya hanya, ta cinye gefen garkarsa, ta bar sabuwar ƙasa tsakaninsa da maƙwabcinsa. Kowa ya ce tasa ce. Aka kai wa mai gari, aka zauna da malamai, sulhu ya ƙi, sai aka tafi kotu. Alƙali ya yanke hukunci, aka kafa duwatsun iyaka, aka ba kowa takardarsa, zaman lafiya ya dawo. Takardar Baba ta ɓace a shekarun tawaye na biyu, wanda ya tashi a 2007, lokacin da iyalai da dama suka kwashe kaya suka bar gidajensu. Maƙwabcin ya rasu, shaidun ma sun rasu in ban da ɗaya, wanda idonsa ya tafi. Yanzu Baba yana son ya rubuta garkar a wurin hukumar filaye ta ƙaramar hukuma, ya kuma keɓe wa 'ya'yansa mata wasu itatuwan dabino kamar yadda al'adarsu ta tanada.

"Ɗana," ya ce, "ni da 'ya'yan maƙwabcina ba mu da rigima. Tsorona jikokina da nasu."

A Nijar, gardamar gona ko gado tana fara zuwa gaban sarakunan gargajiya ne, kuma ikonsu na sulhu ne, a rubuta abin da aka daidaita a kai ko a rubuta cewa an kasa. Idan an kasa sai kotu, inda alƙali ke zama da mataimaka masana al'adar masu ƙara. Dokar filayen karkara ta 1993 ita ce ta kawo hukumomin filaye da ke ba da shaidar mallaka. Duk wannan tsari a kan takarda yake tafiya, alhali mutanen Timia ajiyarsu a kan dattawa take, kuma dattawan suna ƙarewa.

Tambayar farko ita ce wace kotu. Timia yanzu tana cikin gundumar Iferouane, amma wannan gunduma a 2011 aka ƙirƙiro ta. Kafin nan Arlit ce uwar gundumarsu, kuma inda aka yanke hukunci nan asalinsa yake zama. Na ce wa Baba ya huta, in tafi da babban ɗansa. Ya girgiza kai ya ce zuwa da kai ya fi aike, ya naɗa rawaninsa.

Muka bi ta arewa. A hanya muka tsaya a kufan Assode, tsohon birnin Abzin, inda bangon babban masallaci yake tsaye har yanzu tsakanin rusassun gidaje na dutse. Baba ya yi alwala ya yi nafila a wurin. Muka kwana a Iferouane, washegari muka gangara zuwa Arlit, garin da haƙar yuraniyom ta kafa a ƙarshen shekarun 1960.

A kotu ba wurin alƙali ake zuwa neman tsohuwar takarda ba. Ofishin magatakarda ake nufa, wanda mutane ke kira girefiye, domin shi ke riƙe da asalin kowane hukunci, kuma sa hannunsa da hatiminsa su ne ke sa kwafi ya zama abin dogaro. Muka gaisa, ya ba Baba kujera, ya karɓi katin shaidarsa, sannan ya tambayi abu uku: sunayen masu ƙarar, shekarar hukuncin, da lambarsa. Lamba dai Baba bai taɓa riƙe ta ba. Shekara kuwa ya ce, "Shekarar da aka yi sulhu da 'yan tawaye muka fara zuwa nan." Wannan na sani: ranar 24 ga Afrilun 1995 aka sa hannu kan wannan yarjejeniya, ranar da har yau ake hutu dominta a Nijar. Magatakarda ya sa aka ɗauko manyan littattafan rajista na wannan shekara.

Duba su aiki ne na haƙuri. Kowane layi yana ɗauke da lamba, da rana, da sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, da irin maganar, duk da rubutun hannu. Wahalar tana wajen sunaye. Sunayen Abzinawa idan suka shiga rubutun Faransanci sukan sauya kama: wanda ake kira Ghissa a gida, a takarda za ka same shi Rhissa, wani wuri ma Issa. Sai da muka riƙa karanta kowane suna da ƙarfi Baba yana saurare. Littafin 1995 ya ƙare ba mu samu ba. Magatakardan, wanda ya san aikinsa, ya ce shigar da ƙara daban, yanke hukunci daban, a duba na gaba. A cikin na 1996 na karanto wani suna, Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Shi ne, Allah ya ji ƙansa."

Da lamba ta samu, sauran ya zo da sauƙi. Aka nemo asalin a ɗakin ajiya, muka sayo tambur, muka biya kuɗin kwafi aka ba mu rasit. Magatakardan ya bayyana mana cewa kwafi iri biyu ne. Akwai wanda ke nuna abin da aka yanke kawai, shi ne bukatarmu. Akwai kuma mai ɗauke da umarnin zartarwa, wanda ake ba wanda ya yi nasara don a tilasta bin hukunci, kuma ba a sake bayar da shi haka kawai. Ya ƙara da cewa ba kowace takardar kotu ake buɗe wa mutum ba: hukuncin da aka karanta a bainar jama'a daban yake da fayil ɗin binciken laifi, wanda sirri ne, haka kuma takardar shaidar rashin laifi mai ita kaɗai ake ba.

A bencin waje na zauna da masu jira. Wani saurayi yana neman wannan takardar shaidar don shiga gasar ɗaukar aiki, wata uwa tana neman hukuncin da zai tsaya wa ɗanta a madadin takardar haihuwa, saboda a daji ta haife shi kuma jarrabawa ta matso. Kusan kowa daga nesa ya zo, kuma kuɗin mota da na abinci ya ninka kuɗin tambur sau da yawa. Wannan ya tsaya mini a rai. Tun 2011 Nijar tana da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar samun bayanan hukuma, kuma mu babu wanda ya rufe mana ƙofa. Amma tsoho mai garka a Timia sai ya ƙetare Abzin kafin ya ga hukuncin da aka yanke a kan ƙasarsa, kuma da ya riƙe shi a hannu bai iya karanta ko layi ɗaya ba, domin da Faransanci yake. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ina ganin wurin da ya kamata a fara jin amfanin wannan shi ne irin waɗannan takardu: a fassara ƙarshen hukunci zuwa Hausa ko Tamajak, a aika da kwafin duk hukuncin da ya shafi fili zuwa ƙaramar hukumar da filin yake. Alƙalai sukan fita ƙauyuka su yi zaman ba da takardun haihuwa, don haka hanyar kai kotu wurin mutane sananniya ce.

Da muka koma Timia, Baba bai kai takardar ɗaki ya ɓoye ba. Ya aika aka kira 'ya'yan marigayi maƙwabcinsa, da mai gari, da liman, da tsohon shaidan nan, aka shimfiɗa tabarmi a bakin garkar. Na riƙa karantawa ina juyawa zuwa Hausa, ɗan Baba yana maimaitawa da Tamajak saboda mata su ji. Hukuncin ya ambaci rijiya da wani babban dutse a matsayin alamun iyaka, kuma ya nuna cewa sabuwar ƙasar raba ta aka yi, kaso mafi girma ma na maƙwabcin ne. Baba ya ce haka ne, haka aka yi. Aka tashi aka taka iyakar tare, aka tarar ɗaya daga cikin duwatsun da aka kafa yashi ya rufe shi, samari suka tono shi. Babban ɗan maƙwabcin ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, ya ce su ma tasu ta daɗe da ɓacewa. Washegari muka kai kwafi ofishin magajin gari, aka karɓa aka rubuta, aka ce masu hukumar filaye za su zo awo bayan girbin alkama.