Da wane ruwa za mu wanke hannun?



Mu da ke aikin rediyo akwai wata tambaya da har yau take mana nauyi, kuma wata dattijuwa ce ta yi mana ita a watan Afrilun 2020, ana tsakiyar zafi.

Kun dai tuna yadda abin ya zo. Ran 17 ga Maris shugaba Issoufou Mahamadou ya yi jawabi, aka ce za a rufe iyakoki da lakkol-lakkol da filayen jirgin sama na Yamai da Zinder. Ran 19 aka samu mutum na farko mai korona a Nijar. Daga nan sai rufe masallatai. Sanarwa kan iso mana da Faransanci, mu zauna mu juya ta zuwa Hausa kafin lokacin labarai. Wallahi mun sha wuya. Wata kalmar sai mun yi ta gardama kafin mu ce "ba da tazara". Ƙyallen rufe hanci kuwa, wani ya ce takunkumi, wani ya ce a'a, takunkumi ai na dabba ne, a bar shi babet yadda kowa ke cewa. Muka yi ta maimaitawa safe da yamma: ku wanke hannu da ruwa da sabulu, ku daina musabaha, wanda ya ji zazzaɓi da tari ya kira lamba 15.

Rannan muka buɗe layi, sai ga dattijuwar nan daga wata unguwa ta bayan gari. Ta gaishe mu a natse, sannan ta ce: "'Ya'yana, na ji kuna ta cewa a wanke hannu. To da wane ruwa? Yau kwana uku pampon unguwarmu bai kawo ba. Bidon biyu na saya wajen ɗan ga-ruwa, da shi za mu sha, da shi za mu yi tuwo, da shi za mu yi alwala. Ku faɗa mini wanne zan rage." Muka ce: "Inna, Allah ya kawo sauƙi," muka saka kiɗa. Iyakar amsar da muke da ita ke nan.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san gaskiya ta faɗa. Ƙishin ruwan Zinder ya girme mu duka. Ana jawo shi daga Gogo Machaya da Aroungouza da Ganaram, amma da bazara ta kama sai ka ga bidon jere tun asuba, mata da yara sun kwana jiran pampo. Gwamnati ta ɗauki nauyin wani kaso na kuɗin ruwa da wuta na watannin Afrilu da Mayu, an gode. Sai dai wanda ba shi da kwantar a gidansa, fatura ba ta zuwa masa balle a yafe masa ita.

Kada wani ya ce muna nufin cutar ƙarya ce. Mun ji masu cewa ciwon Turawa ne, ko na masu shiga jirgi, ko kuma dabarar cin kuɗin agaji. Amma ran 3 ga Mayu korona ta ɗauke ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, ɗan jiharmu. A cikin watan nan kuma jihar Damagaram ta zama inda cutar ta fi yawa in an cire Yamai. Ma'aikatan asibiti sun ga abin da idonsu, wasunsu ma sun kamu. Shawarar likitoci daidai take. Inda aka yi kuskure shi ne an ba mu umarni ba a tambayi yadda muke kwana ba, mu kuma muka karanta shi yadda ya zo.

Ku duba maganar masallaci. A ƙarshen Maris matasa sun yi bore a Mirriya saboda hana sallar jam'i. Aka shiga azumi masallatai a kulle, sai 13 ga Mayu aka buɗe su. Mutumin da ya ga kasuwar Dole cike maƙil da rana, da dare a ce masa ba tarawihi, me za ka gaya masa ya yarda? Ga shi mu al'umma ce mai wanke hannu sau biyar a rana tun kafin a san wata korona. Da an fara daga nan, a ajiye sabulu kusa da buta, a kai tankin ruwa unguwannin da pampo ya ƙafe, a zauna da liman da mai unguwa tun kafin a sa hannu a kan doka, muna ganin da an fi samun haɗin kai. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya sa muka tono zancen, annoba ba ta yi mana sallama ba. A 2021 kwalara ta shiga jiharmu da Maraɗi. Ƙarshen 2022 sanƙarau ya biyo baya, a 2023 kuma mashaƙo ya addabi Matamaye. Kwalara kuwa ba ta da wani makami da ya wuce rashin ruwa mai tsabta.

Mu dai mun ɗauki namu darasi. Yanzu in sanarwa ta zo, kafin mu karanta sai mun tambayi wanda ya aiko ta: wanda ba shi da hali fa, ya zai yi? In ya zo situdiyo, mu buɗe layi ya amsa da bakinsa. Ku ma in an kira taro a unguwa, ku je ku yi tambayar, kar ku bari sai doka ta fito a koma jifa.

Inna ba ta sake kiranmu ba, ko sunanta ba mu tambaya ba. In tana raye, Allah ya ƙara mata lafiya, ya kuma kai ruwa unguwarsu.